Gidajen tarihin Makka da Madina: kaya sun yi, saura a saurari Alhaji

A da, idan aka ce wa mai Hajji ko Umara gobe akwai ziyara, ya san abin da ake nufi. Mota ta ɗebi jama'a bayan Asuba, a tsaya gindin Dutsen Sauru, a zaga Arfa da Muzdalifa da Mina, a hango Jabalun Nur ta taga, a dawo masauki kafin Azahar. A Madina kuwa Ƙuba, Ƙiblataini, Uhudu, a ƙare a kasuwar dabino. Yanzu an ƙara gidajen tarihi cikin jerin. Saudiyya ta kafa Ma'aikatar Al'adu a 2018, ta ƙaddamar da shirin hidimar baƙin Allah a 2019, ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi a 2020, kuma kamfanonin ziyara sun fahimci cewa akwai ciniki a nan. Wannan hidimar ce muke dubawa, daga hawa mota zuwa fitowa ta ƙofar ƙarshe, da idon Bahaushen da ya taso daga Kano ko Sakkwato ko Maraɗi.

Hukuncinmu a taƙaice: abin da aka ajiye ya cancanci gani, wasu wuraren ma sun cancanci kuɗin shigarsu. Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin kayan da mai kallonsu, wato harshe, lokaci, wurin zama, da kuma hanyar da ake bi a ce wai an ji ra'ayin baƙo.

A fara da Ummul Jud, a hanyar Jidda ta da, inda baje kolin gine-ginen Harami biyu yake, maƙwabcin masana'antar ɗinka rigar Ka'aba. An buɗe shi a 1420 ta Hijira, faɗinsa kimanin murabba'in mita 1,200, an kasa shi zaure 7: na tarba, na Masallacin Harami, na Ka'aba, na hotuna, na rubuce-rubucen hannu, na Masallacin Annabi (SAW), da na Zamzam. Duk cikin wuraren da za mu ambata, nan ne kayan asali suka fi yawa. Akwai ginshiƙin katako na cikin Ka'aba da ake danganta shi da ginin Abdullahi bn Zubair na shekara ta 65. Akwai matakalar katako ta shiga Ka'aba ta 1240. Akwai ƙofar Ka'aba da aka ƙera a 1363, zamanin Sarki Abdul'aziz, wadda ta yi aiki har zuwa 1399 da Sarki Khalid ya sa aka yi ta yanzu da zinariya wajen kilo 280. Akwai tsohon bakin rijiyar Zamzam da gugarsa ta tagulla. Wanda ya gama ɗawafi jiya, yau ya tsaya taku biyu daga ƙofar da miliyoyin alhazai suka yi ta miƙa wa hannu shekara talatin da wani abu, ba ya buƙatar a ce masa ya natsu.

To amma a yi lissafin yadda akasarin kamfanoni ke tsara zuwa wurin. Motar ziyara tana ɗaukar mutum 45 zuwa 50. A ce an ware minti 45. Saukowa, neman banɗaki da tattara jama'a a ƙofa za su ci minti 10, komawa mota da ƙirga kai minti 5. Saura 30. A raba su ga zaure 7, kowane ya tashi da minti 4 da ɗoriya. Idan ɗan jagora da Larabci yake bayani, tafinta yana mayarwa Hausa, an raba wannan biyu: minti 2 na bayani a kan zauren Ka'aba gaba ɗaya. Sannan akwatin gilashi mai faɗin mita 2 ba ya ɗaukar fiye da mutum 4 a sahun gaba, wasu 4 su leƙa ta kafaɗarsu. Mutum 48 sai sun yi layi 6, kowane layi ya samu rabin minti, minti 3 ke nan a akwati guda. Lokacin bai isa ba ko da an yi komai daidai. Abin da ke faruwa shi ne na gaba ya yi gaba, na baya sai labari, kuma na bayan su ne tsofaffi da mata da masu keken guragu. Masana harkar gidajen tarihi suna da ma'auni a kan wannan. Beverly Serrell, wadda ta tattara sakamakon bin sawun baƙi a baje koli sama da 100 a shekarun 1990, ta samu cewa mai yawo da kansa yakan cinye kimanin murabba'in mita 28 a minti ɗaya. Da wannan gudun, mita 1,200 na buƙatar minti 43, ga wanda yake karanta allon bayani da kansa ke nan, ba mai jiran tafinta ba. Gyaran ba tsada gare shi ba: a ware minti 75 zuwa 90, a kasa motar uku ko huɗu, mutum 12 zuwa 15, kowane kashi da mai bayaninsa da Hausa kai tsaye, kuma su fara daga zaure daban-daban.

Gidan tarihin Hasumiyar Agogo wani abu ne dabam. Hasumiyar tsawonta mita 601, kowace fuskar agogon mita 43, gidan tarihin kuma da aka buɗe a 2019 ya mamaye hawa 4 na can ƙololuwa. Batunsa rana da wata da taurari da yadda ɗan Adam ya auna lokaci, ba tarihin Manzanni ba. Wanda ba a faɗa masa haka ba kafin ya biya, kuma kuɗin ba kaɗan ba ne, zai ratsa zaurukan da sauri ya nufi barandar da ake hango Harami daga sama. Barandar ta isa a hau dominta. Amma ɗan jagoran da ya san mutanensa zai shiga da su ta ƙofar ganin wata da lokutan salla, ya kira taurarin da sunan da suka sani, Kaza da 'Ya'yanta, Gamzaki, Zara matar wata. Manomin da ke duba sama kafin ya yi shuka ya fi ɗan boko da yawa sanin abin da ake nunawa a nan, sunayen ne kawai suka raba su.

Unguwar al'adu ta Hira, a gindin Jabalun Nur, an buɗe ta a 2023 a kan fili mai murabba'in mita 67,000. A ciki akwai baje kolin Wahayi, da gidan tarihin Alƙur'ani da ya biyo baya a 2025. A ganinmu nan ne ya fi dacewa da dattijon da gwiwarsa ba za ta kai shi kogon ba, domin da majigi da sauti da siffar kogon ake ba da labarin, ba da dogon rubutu ba. Abin kiyayewa a irin wannan tsari shi ne duhu. Idon da ya fito daga ranar Makka yana buƙatar 'yan mintoci kafin ya saba da ɗaki mai duhu, idon ɗan shekara 70 mai yana ya fi haka. A tsayar da tawaga a inuwar ƙofa tukuna, kuma kowane tsoho a haɗa shi da mai riƙe masa hannu.

A Madina, gidan tarihin Sirar Annabi (SAW) da aka buɗe a Fabrairun 2021 ƙarƙashin kulawar Rabiɗa, wato Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, yana da wata fa'ida da sauran ba su da ita: yana dab da Masallaci. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Alhajin da ya ƙudura salloli 40 a jere ba ya kallon komai da natsuwa muddin yana tsoron Azahar ta riske shi a cunkoson titi, rabin hankalinsa na kan agogo. A nan da ƙafa ake zuwa, da ƙafa ake komawa sahu. Siffofin da aka gina na garin Madina da Masallaci da ɗakunan matan Annabi suna koyar da abin da wa'azin awa guda ba ya koyarwa, gani ya kori ji. Sai dai lokacin buɗewa harsuna 7 aka sanar: Larabci, Ingilishi, Faransanci, Sifaniyanci, Urdu, Turkanci da harshen Indunusiya. Shugaban tawaga ya tambaya tun wajen yankar tikiti ko za a samu mai bayani da Hausa, kada ya ɗauka akwai. Kuma a nanata wa jama'a cewa kayan amfanin yau da kullum da ake nunawa an ƙera su ne bisa siffar da ta zo a ruwayoyi, ba su ne na asalin ba. In ba haka ba, za a koma gida ana rantsuwa an ga ainihin ƙwaryar da Manzo ya sha ruwa da ita.

Tashar jirgin ƙasa ta Anbariyya, inda dogon Hijaz da ya taso daga Dimashƙa ya iso a 1908, da gidan tarihin Darul Madina mai siffofin yadda garin ya yi ta faɗaɗa, suna da kyau ga mai sauran kwana da sauran ƙarfi. Ba za mu sa su gaba da waɗancan ba.

Yadda ake jin ra'ayin baƙo, da dalilin da ya sa ba ya kama namu

Hanyoyin da aka fi amfani da su a wuraren hidima na zamani guda huɗu ne: lambar QR a bakin fita, allo mai fuskokin murmushi da ɗaure fuska, ba da maki da taurari a manhaja, da littafin baƙi. Duka huɗun suna zubar da Bahaushe ta ƙasa kamar rariya.

Lambar QR tana buƙatar babbar waya, da data, da tabarau a aljihu, da jin Larabci ko Ingilishi, wani lokaci har da adireshin imel. Wanda ya haɗa waɗannan duka yawanci matashi ne ɗan boko, shi ne kuma wanda ya fi kowa samun sauƙin ziyarar. Wanda ya wahala bai amsa ba, saboda abin da ya wahalar da shi ciki shi ya hana shi amsawa waje. Allon murmushi kuwa yara ne ke wasa da shi, tawaga ta wuce ana kiran "a yi sauri, mota za ta tashi". Littafin baƙi addu'a ce ke cika shi, Allah ya karɓa, Allah ya maimaita mana. Ba laifi ba ne, kuma yana da amfani guda: a ƙirga harsunan da aka yi rubutu da su kowane wata, har da ajami, a san su wa ke zuwa.

Babbar matsalar ma ba ta na'ura ba ce. Akwai tambayar da kamfanoni suka runguma tun 2003: daga 0 zuwa 10, yaya za ka shawarci wani ya zo nan? Masu 9 da 10 a ƙirga su magoya baya, masu 0 zuwa 6 masu kushe, a cire kason waɗannan daga na waɗancan. A otal ko banki tana iya aiki. Amma wane Musulmi ne za a tambaya ko zai shawarci ɗan'uwansa ya je ya ga ƙofar Ka'aba ya ce 6? Kowa 10 zai ce. An auna ƙaunarsa ga wurin, ba a auna hidimar ba. Ƙara da kara da kunya irin ta Bahaushe, wanda ke ganin kansa baƙo a ƙasa mai tsarki, yana tsoron ƙorafi ya taɓa masa lada. Ka tambaye shi yaya ya ga wurin, ya ce "Alhamdu lillahi, komai ya yi", alhali ƙafarsa ta kumbura kuma bai ji kalma ɗaya ta bayanin ba. Rahoton da ya nuna kowa ya gamsu ba ya nuna wa mai gida inda ɗakinsa ke yoyo.

Kuma ba wai jama'ar ba su da yawa ba ne. A Hajjin 2023, da alhazai suka haura miliyan 1.8, kujeru 95,000 aka ware wa Najeriya kaɗai, ban da Nijar da Gana da Kamaru da Chadi da Sudan, ban da masu Umarar Ramadan. Hausa tana cikin harsunan da ake fassara huɗubar Arfa da su, kuma cibiyar Sarki Fahad ta buga Alƙur'ani a Madina, wadda aka buɗe a 1984, ta daɗe tana buga tarjamar Hausa ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi. Harshen ba baƙo ba ne a ƙasar. Masu aikin ma suna nan: ɗaliban Jami'ar Musulunci ta Madina da na Ummul Ƙura, da 'ya'yan Hausawa haifaffun Makka da Madina da Jidda masu jin harsunan biyu.

Abin da ke aiki shi ne a kalli ƙafa kafin a tambayi baki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima, idan kuma aka haɗa shi da agogo da takarda ya zama mudun. Ga yadda ake yi. A buga taswirar zauren a takarda, a ba kowane akwati da allo da majigi lamba. A ƙaddara wani layi a bakin ƙofa, a riƙa ɗaukar kowane mutum na 5 da ya tsallake shi, ba wanda ya burge mai lura ba, domin ido yakan zaɓi mai fara'a da mai kyan tufafi. A rubuta lokacin shiga, a zana hanyar da ya bi, a sa alama duk inda ya tsaya. Tsayawa tana nufin ƙafa biyu a ƙasa, fuska ga abin, daƙiƙa 3 ko fiye. A rubuta lokacin fita. Mutum 40 zuwa 50 a kowane zaure su ne mafi ƙaranci, a warwatsa su tsakanin hantsi, bayan La'asar da bayan Isha'i, kuma a raba Ramadan da sauran watanni. Mace ta bi mata, namiji ya bi maza. A kafa sanarwa a ƙofa cewa ana nazarin zirga-zirga, kada a ɗauki suna ko hoto, musamman da yake dokar kare bayanan mutane ta Saudiyya ta fara aiki a Satumbar 2023.

Lambobi biyu ake fitarwa ga kowane abu. Na farko, cikin waɗanda suka wuce ta gabansa nawa suka tsaya: idan 50 suka wuce 10 suka tsaya, kashi 20 cikin ɗari ke nan. Na biyu, tsawon tsayuwar. A nan kada a tara a raba, domin malami ɗaya da ya yi minti 12 gaban wani rubutun hannu zai ja lissafin sama ya ɓoye mutum 30 da suka yi daƙiƙa 5. A jera lokutan daga ƙarami zuwa babba a ɗauki na tsakiya. Idan da yawa na tsayawa amma ba sa jimawa, abin ya ja su bayanin ya sake su, a gyara allo. Idan kaɗan ke tsayawa amma suna jimawa, abin yana da kyau wurinsa ne ba daidai ba, ko yana bayan ginshiƙi, ko dab da ƙofar fita inda kowa ya riga ya hango mota.

Akwai tarko uku da suka keɓanta da alhazanmu. Na ɗaya, wanda yake cikin tawaga ba ƙafarsa yake bi ba, ƙafar ɗan jagora yake bi, don haka a ware takardunsa daban da na mai yawo shi kaɗai. Na biyu, jiran layin ɗaukar hoto ba kallo ba ne. Minti 4 gaban tsohuwar ƙofar Ka'aba na iya zama minti 3 da rabi na jira. A tanadi alama daban ga hoto, da kiran bidiyo zuwa gida, da salati, da kuka, da shafa gilashi don neman tabarruki, kowanne yana faɗin abu dabam. Na uku shi ya fi yaudara. Mai lura zai ga dattijo ya kafa ido a allon Larabci, laɓɓansa na motsi, ya rubuta "ya karanta". Ya karanta ɗin, domin ya yi makarantar allo, baƙi da wasali ba sa ba shi wuya. Amma Larabcin ofis na zamani ba shi ne na Alƙur'ani ba, kuma fitar da harafi ba fahimta ba ce. Wannan sai an tambaya.

Wani ɗan tsokaci. Arthur Melton ya lura a Amurka a 1935 cewa mafi yawan baƙi dama suke juyawa idan sun shiga zaure. Wanda ya juya dama ya bi bango, zagayen da zai yi irin na ɗawafi ne, tsakiyar ɗaki na hagunsa. Ga mutanen da suka saba fara komai da dama, kuma suka kwana suna ɗawafi, da wuya a ce ba haka za su yi ba, amma a auna tukuna kafin a jera labari daga hagu.

Sai hirar bakin fita. Tambaya 5, kada ta wuce minti 4, a zaune, da ruwan sha a hannu, nesa da kunnen shugaban tawaga da malamin ayari. Idan miji na tsaye, shi zai amsa wa matarsa, don haka mace ta ja Hajiya gefe. A fara da gaisuwa yadda ta kamata: "Baba Alhaji, sannu da ibada, Allah ya karɓa. Ko za ka ɗan huta a nan in yi maka tambaya kaɗan?" Kada a ce yaya ka ga wurin. A ce: "Hajiya, idan Allah ya mai da ke gida, me za ki fara ba jikoki labari?" Wannan yana fitar da abin da ya zauna. A ce: "Baba, da ƙaninka zai zo gobe kuma lokacinsa kaɗan ne, ina za ka ce ya tsaya, ina za ka ce ya wuce?" Ta haka zai faɗi abin da bai yi masa ba, ba tare da ya kushe kowa ba. A ce: "Inna, a daidai ina kika fara neman wurin zama?" Sannan tambayar gwajin fahimta guda, a sassauce: "Ƙofar nan da muka gani, a zamanin wa kake jin aka yi ta?" Idan rabin mutane suka ce zamanin Annabi ko na Sahabbai, laifin ba nasu ba ne, bayanin ne bai isa ba. A rubuta amsa da kalmomin mai ita, a kuma rubuta adadin waɗanda suka ƙi tsayawa. Mutum 100 za su ba da sakamako mai kuskuren kusan kashi 10 sama ko ƙasa, mutum 400 kusan kashi 5. Wanda ya yarda, a aika masa saƙon murya ta WhatsApp bayan mako 3 da komawarsa. A gida, cikin 'yan'uwa, bakin yakan buɗe fiye da yadda ya buɗe a Makka.

Duk wannan awo ne bayan an gama gini. Wanda ya fi araha shi ne gwaji kafin a buga. A rubuta bayanin Hausa a kwali, a manna gefen akwatin, a kira mutum 8 zuwa 10 su karanta ko a karanta musu, su maimaita da bakinsu. A gyara, a sake da wasu 10. Allo kada ya wuce kalma 50, bayanin murya kada ya wuce minti ɗaya da rabi a kowace tsayawa, kuma ga jama'armu murya ta fi rubutu nesa ba kusa ba. Fassarar na'ura ba ta san cewa mizabi indararo ne ba, kiswa rigar Ka'aba, minbari mumbari. A faɗi shekara da Hijira da Miladiyya tare, a ƙara da abin da mutum zai rataya ta a kai: matakalar 1240 an yi ta wajen 1825, lokacin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello yana mulki a Sakkwato. Zurfin Zamzam kimanin mita 30 ne, amma ka ce wa mutumin karkara gaba 16 ko 17, nan take zai kwatanta da rijiyar garinsu. A guji aron Ingilishi da ɗan Damagaram ba zai gane ba, da na Faransanci da ɗan Zariya ba zai gane ba. A duba allon kwamfuta da ido, domin rubutun da ba shi da ɓ da ɗ da ƙ yakan mai da su 'yan akwatuna, ko a cire ƙugiyar "ƙofa" ta koma wani abu. A zauren rubuce-rubucen hannu kuma, wanda ya tashi da Warshu, fa'unsa ɗigo ɗaya a ƙasa, ƙafunsa ɗigo ɗaya a sama, idan aka nuna masa mus'hafi mai irin rubutun allonsa, sai an janye shi.

Gajiya tsohuwar matsala ce. Tun 1916 Benjamin Gilman na gidan tarihin Boston ya ɗauki hotunan mutum yana durƙuso da miƙa wuya da tsugunno don ya ga kaya, ya nuna cewa tsarin ajiyar ne ke gajiyar da baƙo. Balle wanda ya yi ɗawafi da sa'ayi daren jiya. Kowane zaure na son benci mai majingina da abin dafawa, tsayinsa wajen santimita 45, a inda ake ganin kaya daga zaune, ba a lungu ba. Saman akwatin gilashi kada ya wuce santimita 90 in ana so mai keke ya gani, kuma keken na buƙatar filin santimita 150 ya juya. Takarda da yadi ba sa jure haske, ƙa'idar masu adana kaya ita ce kada ya wuce lukus 50 a ma'aunin ƙarfin haske, saboda haka duhun zauren rubuce-rubuce dole ne, ba sakaci ba. Abin da ake yi shi ne a haska allon bayani da fitilarsa daban, a ƙara girman harafi, a sa haske a ƙasa inda ake taka ƙafa. Sanyin na'ura ma kayan ake yi wa, amma mai fama da tarin Hajji ya riƙo mayafi ko 'yar riga.

Ga mai shirin zuwa: idan wuri ɗaya za a iya a Makka kuma akwai mai bayani nagari, Ummul Jud. Idan da tsofaffi da yawa a ayari, Hira. Hasumiyar Agogo ga mai hali da sha'awar falaki, ko mai son ganin Harami daga sama. A Madina gidan Sira, tsakanin hantsi da Azahar ko bayan Isha'i. A tabbatar da lokacin buɗewa da tsarin shiga kwana 2 kafin ranar, domin jadawali yakan sauya a Ramadan da kwanakin Hajji. Kafin a biya kamfanin ziyara kuma a yi masa tambaya uku: minti nawa za mu yi a ciki ban da sauka da hawa, mutum nawa ga mai bayani ɗaya, kuma da Hausa zai yi kai tsaye ko sai an fassara. Idan ya ce minti 40, mota guda, tafinta ɗaya, a ce ya cire wuri ɗaya daga jerin ranar ya ƙara lokacinsa a kan wanda ya rage, ko kuma a haɗu mutum 12 a ɗauki ƙaramar mota da ɗalibi ɗaya mai jin Larabci a je daban.